FILTAR DA TA CINYE MIN 'YA'YAN TARWADA A DARE ƊAYA: YADDA AKE ZAƁAR MATATAR RUWA A ƊAKIN ƘYANƘYASA



Rubutun yau yana da ɗan tsawo, a yi haƙuri a karanta har ƙarshe, musamman waɗanda suke shirin fara ƙyanƙyasar tarwada a gida. Tambayar da ta fi yawan zuwa mini ita ce: "Malam, wace irin filta zan saya wa tankin 'ya'yan kifi?" Kafin in amsa, bari in ba ku labarin yadda na koyi amsar, domin da kuɗina na saye ta.

ABIN DA YA FARU DA NI

Ɗakin ƙyanƙyasata yana bayan gidanmu ne a nan Tudun Wada, Zariya, wani tsohon ɗakin kaji da na gyara. A zubi na biyu da na yi, komai ya tafi daidai. Na yi wa uwa allura, na tatse ƙwai, na haɗa da maniyyin namiji, ƙwai ya ƙyanƙyashe da kyau har tankin ya yi baƙi da 'ya'ya. Mutum biyu har sun ba ni kafin alƙalami a kan fingalin.

A kwana na biyar ruwan ya fara yin duhu saboda abincin da nake zubawa. Hankalina ya tashi. Na shiga kasuwa na sayo filta mai famfo a jikinta, irin wadda ake sa wa akwatin gilashi na kifin ado a falo. A jikin kwalin an rubuta tana juya lita 1000 a awa ɗaya. Na ce to, ai wannan ita ce maganin abin. Na nutsa ta a tanki da daddare, na kunna, na je na kwanta.

Da asuba na leƙa. Ruwa ya yi garau kamar na roba. Amma kifin fa? Sai 'yan tsiraru a kusurwa, sun galabaita. Da na buɗe filtar, wallahi sai da na zauna a ƙasa. Cike take da 'ya'yan kifi, wasu sun manne a raga, wasu farfelar famfon ta niƙe su kamar kunu.

Na kira wani dattijo da ya daɗe a wannan sana'a, ya zo ya duba. Abin da ya ce mini har yau bai fita a raina ba: "Ɗana, ruwa ka zo wankewa ko kifi ka zo rayawa?" Na mayar wa mutane kuɗinsu, na yi asarar kuɗin uwa, da na allura, da na atimiya, da man janareto.

Darasin shi ne: filtar 'ya'yan kifi ba a zaɓarta da yadda take sa ruwa ya yi haske. Ana zaɓarta ne da abubuwa huɗu. Kar ta zuƙe su. Kar ta wahalar da su da ƙarfin ruwa. Ta iya cire gubar da ido ba ya gani. Kuma kar ta zama guba idan an ɗauke wuta.

KU FARA SANIN WANDA KUKE RENO

Ɗan tarwada ranar da ya fito daga ƙwai tsawonsa bai wuce milimita 5 zuwa 7 ba, kaurinsa kuwa kamar zare. A ruwa mai ɗumin digiri 27 zuwa 30, ƙwai yakan ƙyanƙyashe cikin kamar kwana ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Kwana uku na farko yana ɗauke da jakar gwaiduwa a cikinsa, da ita yake rayuwa, ba ya cin komai, kuma iyo ma da ƙyar yake yi. Duk ruwan da ya ja shi, binsa zai yi.

Abu na biyu da mutane da yawa ba su sani ba: babbar tarwada tana iya shaƙar iska daga sama, shi ya sa take jure ruwa mai datti, har mu ce tarwada ba ta mutuwa. Amma jaririn ba haka yake ba. Wannan gaɓar ta shaƙar iska ba ta gama fitowa sai bayan 'yan makonni. Kafin nan, iskar oksijin da ke narke cikin ruwa kaɗai ya dogara da ita. Kar ka auna jariri da ma'aunin uwarsa.

Kuma suna da yawa. Giram ɗaya na ƙwan tarwada yana ɗauke da ƙwai kusan 600. Uwa mai kilo ɗaya za ta iya ba ka giram 100 ko fiye. Ka yi lissafi da kanka: dubban rayuka ne a 'yar robar da ba ta kai ɗaki ba, kowanne yana numfashi, yana ci, yana kashi.

DATTI IRI BIYU NE

Akwai dattin da ido ke gani: ragowar abinci, kashi, ɓawon ƙwai, da farin ƙwan da bai ƙyanƙyashe ba. Wannan ana tace shi ko a zuƙe shi da tiyo.

Akwai kuma wanda ido ba ya gani, shi ne amoniya. Masu kaji kun san ta, ita ce warin nan da ke shiga ido idan ɗakin kaji ya jiƙe. Kifi yana fitar da ita cikin ruwa, ragowar abinci ma idan ya ruɓe yana ƙara ta. Ƙiyasin da masana suke amfani da shi shi ne, kowane kilo ɗaya na abinci yana haifar da kusan giram 30 na amoniya, kuma abincin jarirai da furotin ɗinsa ke da yawa yana wuce haka. Ruwa zai iya yin haske tas alhali cike yake da ita.

Raga ko auduga ba sa tace amoniya. Masu wannan aikin wasu bakteriya ne masu amfani da suke manne a jikin soso, duwatsu, da bangon tanki. Kashin farko suna mayar da amoniya ta koma naitirait, wadda ita ma guba ce, tana shiga jinin kifi ta hana shi ɗaukar oksijin har jinin ya koma ruwan ƙasa. Kashi na biyu su mayar da naitirait ta koma naitiret, wadda ba ta da illa sosai, canjin ruwa ke fitar da ita.

Ke nan filta ta gaskiya gidan bakteriya ce. Sabuwar filta daga kwali ba ta da ko ɗaya. Tana buƙatar kamar mako 3 zuwa 6 cikin ruwa mai ɗan datti kafin su zauna su yi yawa. Tawa filtar ko da ba ta zuƙe kifin ba, a daren nan ba abin da za ta yi wa amoniya. Kun ga asara biyu ke nan.

Wani abu kuma: ƙarfin gubar amoniya yana ƙaruwa da zafi da kuma hawan pH. A digiri 28, idan pH yana 7, ƙasa da kashi 1 cikin 100 na amoniyar ne ke zama mai kisa. Idan pH ya hau 8, sai ya ninka kusan sau goma. Shi ya sa a zafin Maris da Afrilu ake yawan kukan mutuwar 'ya'yan kifi ba tare da an ga wata cuta ba.

MU DUBA FILTOCIN ƊAYA BAYAN ƊAYA

1. Filta mai famfo a cikin ruwa. Ita ce ta yi mini aika-aika. Bakinta ƙarami ne, jan ruwanta mai ƙarfi. Ga lissafin: lita 1000 a awa idan za ta bi ta bakin fayif mai inci ɗaya, gudun ruwan a bakin ya haura santimita 50 a daƙiƙa. Jaririn da bai kai santimita ɗaya ba ina zai iya da wannan? Sannan ruwan da take fesowa yana juya tankin, su yi ta iyo ba hutu, ba su iya kama abinci. Kar a sa ta a tankin jarirai. Ko an ɗaure mata raga, manna su za ta yi a jikin ragar.

2. Filtar da ake ratayawa a bakin tanki, da mai tukunya da ake ajiyewa a waje. Suna tace ruwa da kyau, amma su ma famfo ne ke jan ruwan. Masu kifin ado suna tura soso mai kauri a bakin bututun don kare ƙanana, kuma yana taimakawa. Matsalarsu a wajenmu wuta ce. Idan aka ɗauke wuta na awanni, ruwan da ke rufe cikin tukunyar oksijin ɗinsa zai ƙare, bakteriya su fara mutuwa, datti ya ruɓe. Ana dawo da wuta tsakar dare, sai ta amayo wannan ruɓaɓɓen ruwa kan kifinka kana barci.

3. Tsakuwa a ƙasan tanki. Wasu suna zuba tsakuwa wai ta tace ruwa. A tankin jarirai kar a yi. Suna son ɓuya, za su shige tsakanin duwatsun su maƙale, abinci ya ruɓe a ciki, kuma ba ka da halin sharewa. Ƙasan tankin jarirai a bar shi fili, sumul.

4. Ruwa mai shiga yana fita. Wannan ita ce hanyar da yawancin masu ƙyanƙyasa a Najeriya suke bi: ruwa yana zubowa a hankali daga tankin sama, yana fita ta wani fayif. Ba ta buƙatar bakteriya, sabon ruwa ne ke wanke amoniya, kuma ba ta buƙatar wuta muddin tankin sama a cike yake. Amma tana cin ruwa sosai, kuma duk haɗarinta yana bakin mafita. Zan dawo kan wannan.

5. Filtar soso mai aiki da iska. Ita ce nake ba da shawara a kai. Ba ta da famfo ko farfela a cikin ruwa. Injin iska ne a waje yake hura iska ta siririn tiyo zuwa cikin wani fayif da soso ya kewaye. Kumfar iskar idan tana hawa sai ta ja ruwa sama, ruwan tanki kuma ya riƙa ratsa soson a hankali ta kowane ɓangare. Ba inda jan yake da ƙarfin da zai kama jariri. Ramukan soson gida ne ga bakteriya, kumfar kuma tana ƙara oksijin. Abu ɗaya, aiki uku.

6. Duro na waje mai juya ruwa. Ga mai babban aiki: ruwa yana fita daga tankin kifi da kansa, ya kwantar da datti a wani mazubi, ya ratsa duro mai cike da abin da bakteriya za su manne, sannan famfo ya mayar da shi sama. Abin lura shi ne famfon yana can ƙarshe, inda ba kifi. Yana da kyau, amma sai da tsayayyiyar wuta da kayan gwajin ruwa. Sabon shiga ya dakata tukuna.

WAƊANDA SUKA FI MU SANIN FILTAR SOSO

Ba mu muka ƙirƙiro wannan dabara ba. A Taiwan, Japan da Jamus akwai masu kiwon ƙananan jatan lande na ruwan daɗi don ado, irin jajayen nan da ba su wuce santimita 3 ba. Uwar tana riƙe ƙwai 20 zuwa 30 a ƙarƙashin cikinta na wasu makonni, 'ya'yan su fito ba su wuce milimita 2 ba. Kun ga sun fi namu ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Yawancin masu hayayyafa su filtar soso suke sawa, domin ba ta zuƙe 'ya'yan, har ma hawa suke yi kanta suna kiwon 'yan abubuwan da suka taru a jiki. Abin da ya tsare ɗan milimita 2 zai tsare ɗan tarwada.

Wanda yake sha'awar gwada irin wannan jatan lande a gida ya sani, duk abin da na faɗa a nan ya shafe shi, da ƙarin abu ɗaya: maganin da ke da sinadarin jan ƙarfe a ciki yana kashe su ko da kaɗan ne. Shi kuwa babban jatan landen kogunan kudancin ƙasar nan, 'ya'yansa sai da ruwa mai ɗan gishiri suke tashi, don haka ƙyanƙyasarsa a Zariya wani aiki ne daban.

YADDA NAKE HAƊA TAWA

Ana samun haɗaɗɗiya wajen masu kayan kifin ado, amma za ka iya yi da hannunka. Ka nemi:

• Fayif ɗin roba na ruwa, inci ɗaya ko ƙasa kaɗan, tsawonsa ya tsaya ƙasa da saman ruwan tankinka.
• Soso mai buɗaɗɗun ramuka, kamar girman bulo ƙarami.
• Injin iska, siririn tiyo, dutsen iska, da ɗan bawul na rage iska.
• Abu mai nauyi da ba ya tsatsa, kamar guntun tayil, don ya zaunar da ita.

Ka huda ƙananan ramuka a rabin fayif ɗin na ƙasa, ka toshe gindinsa. Ka huda soson a tsakiya ka tura fayif ɗin ciki, yadda soso zai rufe duk ramukan, kar a bar ko ɗaya a waje. Ka zura tiyo da dutsen iska ta sama har kusan gindi. Shi ke nan.

Maganar soso, a kula. Ba kowane ne yake yi ba. Ka ɗora shi a bakinka ka hura: idan iska ta wuce cikin sauƙi, ruwa ma zai wuce. Yawancin soson katifa ramukansa a cushe suke, kwana biyu ya toshe. Soson wanke-wanke kuma wasu ana sa masu maganin kashe ƙwayoyin cuta ko turare, kar a yi amfani da su. Ko wanne ka samu, ka wanke shi da ruwa zalla, ba sabulu, ka jiƙa shi kwana biyu.

Injin iska kuma a ɗora shi sama da tsayin ruwa. Idan yana ƙasa aka ɗauke wuta, ruwa zai iya biyo tiyo ya dawo cikinsa ya ƙone shi.

Ni soso biyu nake sawa a kowane tanki, saboda dalilin da za ku gani a wajen wanki.

A SHIRYA TA KAFIN A YI WA UWA ALLURA

Nan ne mutane suke kuskure. Sai ranar ƙyanƙyasa suke sa sabon soso. A'a. Wata guda kafin nan, ka cika tanki da ruwa, ka kunna filtar, kullum ka jefa ɗan abincin kifi kaɗan ya ruɓe, bakteriya su samu abin ci. Idan kana da kayan gwaji za ka ga amoniya ta hau ta sauka, naitirait ta hau ta sauka. Idan duka biyun suka koma sifili, soso ya nuna. Sai ka zubar da wannan ruwan, ka wanke tankin, soson kuma ka ajiye shi cikin ruwa da iska, kar ya bushe.

Hanya mafi sauri ita ce ka bar soson a tankin manyan kifi na mako uku zuwa huɗu. Amma fa sai ka tabbata lafiyarsu ƙalau, in ba haka ba cuta za ka ɗauko wa jarirai da hannunka.

A lokacin hunturu, Disamba da Janairu, sanyin Zariya kun san shi. Bakteriya suna jinkiri, ƙwai yana jinkiri, jarirai ba sa cin abinci. Ka ƙara wa shirin lokaci, ka rufe ɗakin da leda, ka nemi hanyar ɗumama ruwan ya kai digiri 27 zuwa 30.

BAKIN MAFITA: INDA KIFI KE GUDUWA

Ko da filtar soso, za ka buƙaci canza ruwa, don haka mafita dole ce. Abubuwa uku a nan.

Na ɗaya, girman idon raga. Ragar taga da muke shimfiɗa ƙwai a kai, ai mun san jarirai ta cikinta suke faɗowa ƙasa idan sun ƙyanƙyashe. To yaya za ta tare su a mafita? A makon farko a yi amfani da yadi mai ƙananan ido, kamar rabin milimita, irin ƙyallen da mata ke tace kamu da shi. Suna girma ana canza mai faɗin ido.

Na biyu, faɗin ragar. Kar ka ɗaure ƙyalle a bakin ƙaramin fayif kawai, nan da nan zai toshe, ko ya manna kifi. Ka samu babban fayif mai inci 4, tsawon kamar santimita 30, ka yanke manyan tagogi a jikinsa, ka naɗe shi da ƙyallen, ka kifa shi kan mafitar. Yanzu ruwan da da yake bi ta wuri mai faɗin kan kwalba, ya bazu a fili da ya ninka shi kusan sau 100, jan ruwan ma ya ragu da haka. Wannan ita ce dokar gaba ɗaya: faɗin wurin tacewa ya yi yawa, gudun ruwa ya yi kaɗan.

Na uku, kuma don Allah a yaɗa wannan: kar a taɓa amfani da gidan sauro mai magani a harkar kifi. Maganin da ke jikinsa an yi shi ne ya daɗe ko an wanke, kuma guba ce mai ƙarfi ga kifi da jatan lande. Haka fesa maganin sauro ko na ƙwari a ɗakin ƙyanƙyasa, injin iska zai zuƙa ya tura cikin ruwa. Masu haɗa kaji da kifi, bokitin da kuka dama maganin feshin ɗakin kaji da shi kar ya kusanci tanki.

RUWAN DA KAKE ZUBAWA

Filta ba ta gyara mugun ruwa daga tushe.

Ruwan famfo ana sa masa kulorin don kashe ƙwayoyin cuta. Yana da kyau ga mutum, amma yana ƙona jarirai, yana kuma kashe bakteriyar sosonka. A tara shi a buɗaɗɗen tanki kwana ɗaya zuwa biyu, da dutsen iska a ciki.

Ruwan burtsatse da na rijiya sau da yawa ba su da isasshen oksijin idan sun fito daga ƙasa. Wani yana da tsami, wani yana da sinadarin ƙarfe, za ka ga yana barin jan tabo a tanki. Shi ma a bar shi ya kwana da iska, a ɗebi na sama. Idan gwaji ya nuna pH yana ƙasa da 6.5, masu kaji kuna da maganin a sito: ɓawon kawa ko farin dutsen nan da ake sa wa abincin masu ƙwai. A wanke, a ƙulle a raga, a jefa a tankin ajiya. A hankali yake narkewa yana gyara ruwan.

Ruwan rafi irin na Kubanni ko Galma kar a zuba wa jarirai kai tsaye. Yana zuwa da ƙwarin ruwa masu cin 'ya'yan kifi, da abin da ya wanko daga gonaki da magudanai.

Abin da ake nema a taƙaice: ɗumi 27 zuwa 30, pH 6.5 zuwa 8, oksijin miligiram 5 a lita ko fiye, amoniya da naitirait kusa da sifili.

JADAWALIN DA NAKE BI

Kwana 1 zuwa 3: iska kaɗan-kaɗan, ruwa yana ɗiga a hankali. A cire ragar ƙwai da zarar an gama ƙyanƙyasa, a zuƙe farin ƙwai, shi ne ke kawo fumfuna. Ba abinci.

Kwana 4 zuwa 14: an fara ba da atimiya, sannan abincin gari. Yanzu ne datti ke tashi. Filtar soso tana aiki dare da rana. A zuƙe ƙasan tanki da tiyo safe da yamma, a cike gurbin ruwan da wanda ɗuminsa ya yi daidai da na tanki.

Dabarar zuƙa: jarirai masu lafiya suna gudun haske. Ka rufe rabin tanki, za su taru a duhu, sai ka share ɓangaren haske. Kuma kullum ka zuƙa cikin farar roba, ba cikin kwata ba. Ka duba, ka mayar da waɗanda suka biyo.

Mako na 3 zuwa sama: a ƙara iska, a canza raga mai faɗin ido, a rage cunkoso, a ware shuta kafin su cinye 'yan uwansu. Sai sun zama fingalin masu ƙarfi sannan za a yi maganar famfo, shi ma da soso a bakinsa.

WANKI DA MAGANI

Idan kumfa ta ragu ko soso ya yi nauyi, ka tura roba ƙarƙashinsa ka ɗago shi a hankali, ka duba ko akwai jarirai a jiki. Ka matse shi sau biyu ko uku cikin ruwan da ka ɗebo daga tankin. Ba ruwan famfo ba, ba sabulu ba, ba a shanya shi a rana. Kar ka nemi ya koma sabo, wannan launin ƙasa-ƙasan shi ne dukiyar. Wannan makon ka wanke ɗaya, mako mai zuwa ɗayan, don kullum a samu mai cikakken ƙarfi.

Mu masu kaji mun saba, abu kaɗan sai a zuba maganin kashe ƙwayoyin cuta a ruwa. A tankin kifi wannan maganin, da fomalin, da shuɗin magani, ba sa bambanta bakteriyar kirki da ta banza. Idan dole ne a yi magani, a cire soso a ajiye shi a bokiti da iska, bayan an canza ruwa a mayar. Idan kuwa naitirait ce ta hau, a rage abinci, a canza ruwa, a sa gishiri kaɗan, kamar giram 1 a kowace lita, yana rage shigarta jikin kifi.

MAGANAR WUTA

Ƙaramin injin iska wat 3 zuwa 10 yake ci. Batir mai bolt 12 da amfiya 100, ko rabin cajinsa kawai ka yi amfani da shi, zai riƙe injin wat 10 kusan kwana biyu. Akwai ma masu batir a jikinsu da suke ci gaba da aiki da kansu idan wuta ta tafi. Ƙaramin faifan sola ya wadatar. Idan kuɗinka abu ɗaya zai saya, ka sayi abin da zai hana iska tsayawa.

Ranar da komai ya tsaya, ka daina ba da abinci, ka buɗe ruwan tankin sama yana ɗiga, kana ɗibar ruwa da kofi kana zubawa a hankali daga sama har a samu mafita.

GASKIYAR DA ZAN RUFE DA ITA

Filtar soso ba za ta ɗauke maka aiki ba. Idan ka cusa jarirai dubu 50 a ƙaramin tanki kana watsa abinci ba lissafi, soso goma ba za su cece ka ba. Ita mataimakiya ce: tana riƙe ruwan tsakanin zuƙa da zuƙa, musamman cikin dare. Tiyo, canjin ruwa da idonka su ne sauran aikin.

Wanda yake son ƙarin ilimi, muna da sa'a a Zariya, ga cibiyar NAERLS ta Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru mai wayar da kan manoma, akwai kuma cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa a New Bussa, jihar Neja.

Kafin ka sa kowane inji a tankin jarirai, ka yi wannan ɗan gwajin: ka jefa guntun zare mai tsawon santimita ɗaya kusa da inda yake jan ruwa. Idan ya zuƙe shi, ko ya manna shi, to haka zai yi wa kifinka. Da na yi wannan gwajin na minti ɗaya a wancan daren, da ban mayar wa kowa kuɗinsa ba.

Mai tambaya ya ajiye ta a ƙasa, ya faɗi girman tankinsa, irin ruwan da yake amfani da shi, da kwanakin kifinsa, don amsar ta yi daidai. A tura wa 'yan uwa masu shirin ƙyanƙyasa. Allah ya sa albarka a kiwonmu, ya tsare mu daga asara.